Tsakar Gida da Ƙofar Gida: Yadda Jinsi Ke Zaɓar wa Yara Abokai da Hali

Duk wanda ya tsaya bakin tagar aji a firamare lokacin da aka tashi tara zai ga abu guda, ko a Kano yake ko a Maraɗi. Maza sun mamaye tsakiyar fili, su 15 ko 20, suna bin ƙwallon da aka ɗaura da leda da tsumma, ana ihu ana ture-ture, a tsaya gardama kan ko an ci ko ba a ci ba, sannan a ci gaba kamar ba a yi ba. Mata kuwa suna gindin darbejiya ko bakin baranda, bibbiyu ko uku-uku, wasu na carafke, wasu na gaɗa, wasu sun haɗa kai suna raɗa. Babu malamin da ya ja layi ya ce kowa ga wurinsa. Yaran ne suka raba kansu, kuma idan namiji ɗaya ya je ya zauna cikin 'yan matan, abokansa za su fara tsokanarsa tun kafin wani babba ya lura.

Wannan rabuwa ta wuce wasa. Tsakanin yaye da balaga yaro kan shafe dubban sa'o'i cikin tsaransa, kuma a can yake koyon yadda ake neman abu, yadda ake faɗa da shiri, da abin da ake yi idan rai ya ɓaci. Idan maza da mata suna kwashe waɗannan sa'o'i a wurare dabam, da mutane dabam, kan ayyuka dabam, to tamkar makarantu biyu suke halarta masu manhaja biyu. Mafi yawan abin da daga baya muke kira "halin maza" ko "halin mata" a waɗannan makarantu aka karanta shi.

Yaro ba ya gane jinsinsa a rana ɗaya. Lawrence Kohlberg, masanin halayyar ɗan'adam na Amurka, ya fayyace matakan tun 1966. Tsakanin shekara 2 da 3 yaro yana iya cewa shi namiji ne ko ita mace ce, amma a wurinsa suna ne kawai kamar Audu ko Binta. Daga 3 zuwa 4 yake gane cewa abin yana ɗorewa, wato yarinya uwa za ta zama idan ta girma. Sai wajen 5 zuwa 7 yake tabbatar da cewa sutura ko aiki ba sa sauya shi, namiji ko ya ɗaura zane namiji ne. A daidai wannan tsakanin ne yara suka fi tsauri kan ƙa'idar "na maza" da "na mata", har sukan fi iyayensu. Ɗan shekara 5 da ya ƙi shan ruwa a kofi saboda wai launin mata ne, sabuwar doka ya gano yana gwada ƙarfinta, kuma tsaurin yakan sassauta da kansa bayan shekara 7 ko 8 idan manya ba su ƙara masa gishiri ba.

Zaɓen abokin wasa yana tafiya tare da wannan. 'Yan mata ne ke fara janyewa zuwa 'yan'uwansu mata tun wajen shekara 2, maza su biyo baya wajen 3, amma zuwa shekara 5 maza sun fi matan riƙe iyakar da ƙarfi. Eleanor Maccoby da Carol Jacklin na Jami'ar Stanford sun bi wasu yara suna ƙirga da wa suke wasa, suka fitar da sakamakon a 1987. A shekara 4 da rabi, lokacin da yaro ke yi da jinsinsa ya ninka wanda yake yi da ɗaya jinsin sau 3. A shekara 6 da rabi ya kai sau 11.

Dalilin janyewar 'yan mata da wuri yana da ban sha'awa. Waɗannan masana biyu sun taɓa haɗa yara 'yan wata 33 bibbiyu a ɗaki da kayan wasa. Idan mace da mace ne, ko namiji da namiji, wasa yakan yi armashi, kuma idan ɗaya ya ce "bari", ɗayan yakan bari. Idan aka haɗa mace da namiji, ita tana jin hanin sa, shi kuwa sau da yawa ba ya jin nata, sai ta koma gefe ta zuba masa ido yana wasa da kayan. Yarinyar da a cikin mata take da kazar-kazar, ita ce a nan ta yi tsit. Babu mai son zama da wanda maganarsa ba ta tasiri a kansa, don haka take komawa inda ake sauraronta.

Akwai hannun halitta a ciki, kuma musun sa ba ya taimakon kowa. Shaida mafi ƙarfi ta fito ne daga 'yan matan da aka haifa da wata lalura ta 'yar tsokar da ke saman ƙoda, wadda ke sa jikinsu ya samu sinadarin namiji fiye da kima tun suna ciki. Sheri Berenbaum da Melissa Hines sun nuna a 1992 cewa irin waɗannan yara sun fi sauran 'yan mata son motoci da kayan gini a wasa, ko da yake mafi yawansu suna tashi suna ɗaukar kansu mata. Haka nan wasan kokawa da ture-ture ya fi yawa a tsakanin maza a kusan duk al'ummar da aka duba. Sai dai girman bambancin shi ne inda mutane ke kuskure. A 2005 Janet Hyde ta tattara manyan nazarce-nazarce 46 da suka auna bambancin maza da mata a lissafi, magana, tunani da mu'amala, ta tarar kashi 78 cikin 100 na bambance-bambancen ƙanana ne ko ma kusan babu. Inda tazara ta fito sosai shi ne abubuwa irin nisan jifa. A yawancin sauran fannoni, bambancin da ke tsakanin yarinya da yarinya ya fi wanda ke tsakanin matsakaicin namiji da matsakaiciyar mace.

To ta yaya ɗan ƙaramin bambanci ke zama babba? Carol Martin da Richard Fabes sun amsa wannan a 2001 bayan sun lura da yaran raino a Arizona tsawon shekarar karatu. Namijin da ya fi yawan wasa da maza zalla a farkon shekara, zuwa ƙarshenta ya ƙara ƙiriniya da wasan ƙarfi da nisantar manya. Yarinyar da ta fi yawan wasa da mata zalla ta ƙara natsuwa da zama kusa da malama. Abin kamar magani ne, gwargwadon yawan da aka sha gwargwadon aikinsa.

Misalin da ya fi kusa da rayuwarmu daga Kenya ya zo. Carol Ember ta zauna cikin al'ummar Luo, inda raino da girki da ɗiban ruwa ayyukan 'ya'ya mata ne. A gidajen da ba su da babbar 'ya mace, dole ake ɗora wa namiji waɗannan ayyuka. Rahotonta na 1973 ya nuna cewa waɗannan yara maza sun fi sauran maza ƙarancin faɗa da son danne wasu, halinsu ya faɗo tsakanin na maza da na mata. Ba su suka zaɓi aikin ba, tsarin haihuwa ne ya faɗo da su ciki, don haka ba za a ce dama can masu sanyin hali ba ne. Mai yiwuwa goyon ƙani da rarrashinsa ne ya koya musu karanta fuskar wani da danne fushi.

A ƙasar Hausa rabon wuri shi ne babban malami. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike kan yara a cikin birnin Kano a shekarun 1970, ta lura da wani abu da mu da muka tashi a ciki ba mu cika gani ba: yaro ƙarami ne kaɗai ke da izinin ratsa duniyar maza da ta mata. Yana shiga gidan da aka rubuta "ba a shiga" har ƙuryar ɗaki, ya fito ya zauna a majalisar ƙofar gida, ya kai saƙo kasuwa. Matan kulle da shi suke sana'a, shi ke sayo cefane, shi ke kai ƙosai da ƙuli-ƙuli ga masu saye, shi ke karɓo zubin adashe. Amma wannan 'yanci ba ya ɗorewa, kuma yana ƙarewa ta fuska biyu. Namiji yana girma ana tura shi waje, daga ɗakin uwa zuwa zaure ko shago, har ranar da zai yi sallama a gidan da jiya yake shiga kai tsaye a ce ya tsaya daga nan. Mace kuwa tana girma ana janyo ta ciki. Da'irar namiji tana faɗaɗa zuwa unguwa da gari, ta mace tana tsukewa zuwa tsakar gida.

Ba mu kaɗai ba ne. Wani babban bincike da Jami'ar Johns Hopkins ta jagoranta tare da Hukumar Lafiya ta Duniya kan yara 'yan 10 zuwa 14 a ƙasashe 15, har da Najeriya, ya bayyana a 2017 cewa a ko'ina, daga Amurka zuwa Sin, balaga tana buɗe wa namiji ƙofa tana rufe wa mace. Tsoron abin da zai samu yarinya a waje tsoro ne na gaskiya, kuma iyaye ba su yi laifi da suka ji shi ba. Inda aka yi sake shi ne ana magance shi ta hanyar taƙaita yarinyar kaɗai, ba a zaunar da namiji a koya masa yadda zai ɗauki 'yar mutane.

Sai batun sa'o'in aiki. Asusun UNICEF ya ƙiyasta a 2016 cewa 'yan mata masu shekara 5 zuwa 14 a duniya suna kashe lokaci kan aikin gida fiye da maza tsaransu da kashi 40 cikin 100. Tazarar tana farawa da kashi 30 a shekara 5 zuwa 9, ta kai kashi 50 a shekara 10 zuwa 14. A gida wannan yana nufin yarinya 'yar aji biyar da ta tashi da asuba ta yi shara da wanke-wanke, ta yi wa ƙanenta wanka, ta isa makaranta an riga an rufe ƙofa, ta dawo ta ɗauki farantin talla ko goyo, ta tafi Islamiyya, da dare ta buɗe littafi idonta na rufewa. Wanta da suke uwa ɗaya uba ɗaya ya yi aike biyu ya tafi ƙwallo. Idan jarrabawa ta fito sai a ce ita ba ta da kai. Ga shi kuwa yara suna ɗaukar irin wannan hukunci da wuri ƙwarai: binciken Lin Bian da abokan aikinta na 2017 a Amurka ya tarar cewa a shekara 5 maza da mata duk suna danganta tsananin basira da jinsinsu, amma daga shekara 6 'yan mata sun fara raguwa a hakan, har suna kauce wa wasan da aka ce na masu ƙwaƙwalwa sosai ne.

Kowace daga cikin makarantun nan biyu, wato taron maza da ƙawancen mata, tana koyar da abu mai amfani, kuma kowace tana da inda take cutarwa.

Taron maza babba ne, yana da shugaba da mabiya, yana tafiya kan doka da gasa. A langa da ƙwallo da tashe yaro yana koyon aiki da wanda ba amininsa ba, yana koyon shan kaye ya dawo gobe, yana koyon ɗaga murya ya kare haƙƙinsa. Abin da taron ke hanawa shi ne nuna rauni. "Namiji ba ya kuka" ana faɗa wa ɗan shekara 4 ranar da ya faɗi, a maimaita masa ranar kaciya, abokai su ƙarasa da kiransa mace idan hawaye ya zubo. Baƙin cikin da aka hana shi fita ta ido ba ya ɓacewa, yakan fito a matsayin fushi, duka, ko taurin kai, sai a amsa masa da bulala, wadda ke ƙara koya masa cewa da ƙarfi ake warware matsala. Hukuncin ƙetare iyaka ma ya fi tsanani a kansa. Yarinyar da ke hawa bishiya za a ce mata mata-maza a yi dariya, amma namijin da ke son zama kusa da murhu za a jefe shi da kalmar da za ta bi shi shekaru. Sannan taron maza yana wasa nesa da idon manya, shi ya sa wanka a kududdufi, ɗafe bayan mota, da daga baya gwada shaye-shaye suka fi kama su, don a can jarumta ita ce kuɗin shiga. Wanda wannan ya fi shafa shi ne almajirin da aka raba da uwarsa yana shekara 6 ko 7. Ba shi da ya, ba shi da ƙanwa a kusa, babu babbar mace da za ta tambaye shi me ke damunsa. Tsaransa maza su ne uwa su ne uba, kuma su ma yara ne.

Ƙawancen mata ƙarami ne, mai zurfi, an gina shi kan sirri da amana. A ciki yarinya tana koyon sauraro, lallashi, da gane abin da ba a faɗa ba. Amma da yake an hana ta faɗa a fili, an ce mace da kunya aka san ta, rikicinta yana bi ta ƙarƙashin ƙasa: gaba, gulma, tona sirri, da haɗa baki a ce kada kowa ya kula wance. Nicki Crick da Jennifer Grotpeter sun nuna a 1995 cewa wannan ma cin zali ne mai barin tabo kamar duka. Matsalarsa ita ce ba ya barin jini ko yagaggen kaya, don haka malami ba ya gani. Yarinyar da ajinsu ya yi wa gaba mako 3 za ta fara cewa cikinta na ciwo duk safiya, ta daina cin abincin tara, makinta ya sauka, a gida kuma a ce lalaci ne. Akwai kuma abin da Amanda Rose ta bayyana a 2002, wato ƙawaye biyu su riƙa juya damuwa ɗaya kullum ba tare da neman mafita ba. Yana ƙara musu shaƙuwa, yana kuma ƙara musu damuwar. Kafin balaga ciwon damuwa kusan daidai yake tsakanin maza da mata, amma daga wajen shekara 13 zuwa 15 na mata yake haurawa har ya kusan ninka na maza.

Gyara yana farawa da ƙirga. Iyaye su ɗauki mako guda su rubuta sa'o'in da kowane yaro ya yi a aiki, karatu, wasa da barci. Yawancin gidaje ba su san girman tazarar ba sai sun gan ta a takarda. Idan ta fito, a raba aikin bisa shekaru: ɗan shekara 7 zai iya wanke kwanonsa da share ɗaki, ɗan 10 zai iya dafa shayi da taliya, ya riƙe ƙaninsa na rabin sa'a ana kallonsa. Yarinya kuma a ware mata lokacin karatu da ba a aikenta a ciki, ko sa'a ɗaya ce, a ba ta lissafin cefane ta riƙe, a bar ta ta yi gudu da tsalle tun jikinta na so. Wurin da wannan ke rushewa sananne ne: a sa namiji wanke-wanke a matsayin horo idan ya yi laifi. Ranar da aka yi haka an koya masa cewa aikin da ƙanwarsa ke yi kullum wulaƙanci ne. Haka kuma idan uba bai taɓa ɗaukar tsintsiya ba, maganar uwa ba za ta yi nisa ba, domin yara sun fi kwaikwayon babban da suke jinsi ɗaya da shi.

Masu ganin wannan baƙon abu ne su tuna cewa da aka tambayi Nana A'isha abin da Manzon Allah (SAW) yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa. Ya zubar da hawaye a gaban sahabbai ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Ya kuma umarci mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir da ya ji tsoron Allah ya yi adalci tsakanin 'ya'yansa. Umarnin raba wa yara shimfiɗa a shekara 10 yana nan daram, kuma kiyaye shi bai hana wa da ƙanwa su ci abinci tare, su yi karatu tare, su saba da jin maganar juna ba. Namijin da ya saba tsayawa idan ƙanwarsa ta ce "bari" ya riga ya koyi abin da zai buƙata a gidan aurensa.

A aji, abin da malami ke yi da kalmar jinsi yana da nauyi fiye da yadda ake zato. Rebecca Bigler ta gwada a 1995: azuzuwan da malamai suka riƙa raba komai da "maza" da "mata", layi da allo da kirari, cikin makonni kaɗan yaransu suka fi sauran riƙe ra'ayin cewa wani aiki na jinsi ɗaya ne, alhali malaman ba su taɓa cewa wani ya fi wani ba. Don haka gasar "maza da mata, wa zai ci" da ake yi don a motsa aji tana da tsada. A raba gasar da layin benci ko da launi. Wajen tambaya, malami ya jira daƙiƙa 5 kafin ya zaɓi mai amsa, saboda hannun da ke fara tashi da ihun "ni, ni, malam" yawanci na maza ne, kuma ya riƙa yin alama a rajista don ya ga wa ya kira a mako. Shara da ɗiban ruwa da monita su riƙa zagayawa. Filin wasa ma a raba shi da ranaku, in ba haka ba ƙwallo za ta cinye shi har ƙarshen zango.

Inda makaranta ta maza zalla ce ko ta mata zalla, kamar wasu Islamiyyu da makarantun kwana, sai a shigo da darasin da taron ba ya bayarwa. A ta mata a sa muhawara, wasan guje-guje, da shugabancin rukuni mai mutum 8 ko 10 wanda ba ƙawaye suka haɗa shi ba. A ta maza a haɗa babban ɗalibi da ƙarami ya riƙa duba karatunsa da lafiyarsa, kuma idan biyu sun yi faɗa, kafin hukunci a sa kowanne ya faɗi abin da ya ji da abin da yake zaton ɗayan ya ji. Da farko za su yi shiru ko su yi dariya, don ba su da kalmomin. Malami ya ba su zaɓi, haushi ne, kunya ce, ko tsoro, su nuna ɗaya.

Alamomin da ke bukatar a duba yaro da kyau ba su da alaƙa da wane wasa yake so. Yarinya mai son ƙwallo ko namiji mai son girki, matuƙar suna da abokai suna cin abinci suna barci, lafiyarsu ƙalau. Wanda za a damu da shi shi ne wanda ba shi da aboki ko ɗaya, wanda ya daina abin da da yake so, wanda ya koma fitsarin kwance bayan ya bari, ko wanda fushinsa ko shirunsa ya sauya ya kuma wuce mako 2. A namiji damuwa takan ɓuya a bayan faɗa, a mace takan ɓuya a bayan ladabi, shi ya sa yarinyar da kowa ke yabo da "ba ta da hayaniya" ita ce aka fi makara a kanta. Irin wannan yaro a zauna da shi a keɓe, ba a gaban 'yan'uwansa ba, a tambaye shi da wa yake zama lokacin tara, wa ya daina yi masa magana, kuma tun yaushe.